Yadda na bi matakan zuwa karatun kimiyyar siyasa a Jamus

Tun da na fara digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa a Jamus a ƙarshen 2024 ɗalibai ke turo mini tambayoyi, kuma kusan duk iri ɗaya ne: da gaske karatun kyauta ne, nawa ake kashewa, ta ina ake farawa. Na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa tafiyar ta kasance daki-daki, domin abin da na so a ce wani ya faɗa mini tun farko shi ne kowace takarda a wannan hanya wata takardar take jira kafin ta fito. Wanda ya san wadda ke gaba da wadda ke baya zai huta da rabin wahalar. Dokoki da kuɗaɗen da zan ambata na lokacin da na nema ne, wasunsu kuma suna canzawa.

Na fara ne da shafin hukumar DAAD, wadda ke kula da musayar ɗalibai tsakanin Jamus da sauran ƙasashe. A can ana iya tace kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, kuma na kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa da nazarin zaman lafiya suna da yawa a matakin digiri na biyu. Mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma jihar Baden-Württemberg tana cajin ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 kowane zango tun 2017, don haka na cire jami'o'inta daga lissafina. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne karanta sharuɗɗan shiga. Samun digiri mai sunan kimiyyar siyasa bai wadatar ba. Suna ƙirga kwasa-kwasan da ka yi ne da ma'aunin da ake kira ECTS, inda shekarar karatu guda take daidai da maki 60, sai su ce lallai a cikin digirinka na farko a samu maki kaza a ilimin siyasa, maki kaza kuma a dabarun bincike da ƙididdiga. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ke kayar da mutane da yawa masu sakamako mai kyau. Akwai jami'ar da nake matuƙar so, amma da na lissafa kwasa-kwasan ƙididdigar da na yi, na ga ba su kai abin da take nema ba, dole na haƙura da ita. Na kuma duba rumbun bayanai na anabin don in tabbatar Jamus ta amince da jami'ar da na gama. Alamar da ake so a gani a gaban sunan jami'a ita ce H+.

Daga nan sai na koma jami'armu neman takardu: takardar shaidar digiri, cikakken sakamako na dukkan shekaru, da wata takarda da ke bayanin tsarin makinmu, wato mene ne mafi girma, mene ne kuma mafi ƙarancin da ake ci da shi. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don da ita ake juya sakamakonka zuwa nasu, inda 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 kuma iyakar cin jarrabawa. Na ƙara da abu guda da wata 'yar'uwa da ta riga ni zuwa ta ba ni shawara a kai. Ta ce, "Ƙanina, sunan kwas a takarda ba ya gaya musu komai. Je ka sashenku su rubuta maka abin da aka koyar a ciki, su buga hatimi." Haka na yi, na karɓi bayanin kowane kwas na bincike da ƙididdiga, da sa'o'in da aka yi ana koyar da shi. Tara waɗannan takardu ya ci makonni ana kai da komowa, yau mai sa hannu ba ya nan, gobe a ce a dawo. A cikin wannan jiran na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS. Yawancin kwasa-kwasan da na duba 6.5 suke nema, kuma sakamakon shekara 2 kawai yake aiki.

Jami'o'i da yawa ba sa karɓar takardun baƙi kai tsaye, sai ta hannun wata cibiya a Berlin mai suna uni-assist. Ita ke tantance takardun ta juya makin. Kuɗinta Yuro 75 ne a kan kwas na farko, sai Yuro 30 a kan kowane ƙari a zango guda. Wasu jami'o'in kuma takardar tantancewa kawai suke so daga cibiyar, wadda ake kira VPD, kai kuma ka ɗauke ta ka kai shafin jami'ar da kanka. A nan lissafin lokaci yake da haɗari. Ko'ina za ka ji ana cewa 15 ga Yuli ake rufe neman gurbi na zangon hunturu, amma kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa suna rufe wa baƙi ƙofa tun watan Maris ko Afrilu ko Mayu, ita kuma tantancewar takan ɗauki sama da wata guda. Idan jami'arka VPD take so, sai ta riga ta fito kafin ranar rufewar. Game da wasiƙar bayyana dalilin neman kwas ɗin, na lura ba sa damuwa da labarin cewa tun kana yaro kake son siyasa. Na buɗe kundin darussan kowane kwas, na ambaci darussan da nake so da sunansu, na faɗi tambayar binciken da ke raina, wadda ta shafi dalilin da ya sa masu zaɓe ke juya wa jam'iyya mai mulki baya, na kuma nuna yadda aikin kammala digirina na farko ya kai ni ga wannan tambayar.

Bari in ɗan tsaya kan tallafin karatu, don ɗalibin siyasa yana da ƙofofin da wasu ba su da su. DAAD tana da shirin Helmut Schmidt na masu son karanta manufofin gwamnati da shugabanci nagari daga ƙasashe masu tasowa, sai dai ana rufe nemansa fiye da shekara guda kafin a fara karatun. Sannan manyan jam'iyyun Jamus kowace tana da gidauniyar da ke kusa da ita: Friedrich Ebert ta SPD, Konrad Adenauer ta CDU, Heinrich Böll ta jam'iyyar masu kare muhalli, Friedrich Naumann ta FDP. Duk suna ba baƙi tallafi, kuma suna duba ko mutum ya taɓa yi wa al'umma aiki, ba sakamako kaɗai ba. Ni da kuɗin gida na tafi, shi ya kai ni ga matakin da ya fi kowane nauyi.

Ranar da takardar samun gurbi ta shigo imel ɗina na yi murna ƙwarai, amma kafin dare lissafi ya maye gurbin murnar. Kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da abin da zai ci shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce buɗe rufaffen asusu, wanda suke kira Sperrkonto. Za ka zuba kuɗin shekara gaba ɗaya, bayan ka isa a riƙa sakar maka na wata-wata. Lokacin da na fara shiri adadin Yuro 11,208 ne. Muna cikin haɗawa aka sanar cewa daga 1 ga Satumba 2024 ya koma Yuro 11,904, wato Yuro 992 a wata, saboda an ɗaure shi ne da tallafin da gwamnati ke ba ɗaliban ƙasar, shi kuma an ƙara shi. Ganawata da ofishin jakadanci ta faɗo bayan wannan rana, don haka sai da muka nemo ƙarin Yuro 696. Ba zan manta da yadda 'yan'uwa suka tattaro abin da ke hannunsu ba, kuma har yau idan kasala ta kama ni a ɗakin karatu su nake tunawa. Wajen turawa na ɗora ɗan ƙari a sama, domin bankunan da kuɗin ke ratsawa suna yankar nasu, kuma idan ya isa da giɓin ko Yuro 5 ne, takardar shaida ba za ta fito ba. A wannan lokacin ne kuma na yi rajistar inshorar lafiya ta gwamnati ta intanet. Ɗalibin da bai kai shekara 30 ba yana samun farashin ɗalibai, a lokacin kusan Yuro 130 a wata, kuma kamfanin inshorar ne da kansa ke aika wa jami'a sanarwa. In babu wannan sanarwar jami'a ba za ta yi maka rajista ba.

Neman ranar ganawa don biza shi ne jira mafi tsawo. Ɗalibai suna da yawa a watannin bazara, kowa yana son ya isa kafin Oktoba, saboda haka duk wanda takardunsa suka ba shi damar shiga layi, ya shiga a ranar. Daga farkon 2025 an buɗe shafin intanet na neman irin wannan bizar, abin da ni ban tarar ba. Na je da fasfo, hotuna irin na fasfo, fom ɗin da na cike, takardar gurbi, shaidar rufaffen asusu, shaidar inshora, takardun makaranta, sakamakon IELTS, tarihin karatu da aiki, da wasiƙar dalili, kowace da asalinta da kwafi, a jere yadda jerin ofishin ya nuna. Kuɗin biza Yuro 75 ne. An ɗauki hoton yatsuna, sannan ma'aikaciyar ta yi mini tambayoyi ta bayan gilashi: me ya sa Jamus, waɗanne darussa zan yi a zangon farko, wa ya biya kuɗin, me zan yi bayan na gama. Karanta kundin darussan da na yi tun da farko shi ya cece ni, don na amsa da sunayen darussan ba tare da inda-inda ba. Ganawar ba ta daɗe ba. Jiran da ya biyo baya ne ya hana ni barci, ganin ranar fara lakca tana matsowa ba labari. Na rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar na bayyana halin da nake ciki, suka ba ni takardar da ta yarda in iso a makare zuwa wata rana da suka sa. Mutane da yawa ba su san ana iya roƙon wannan ba. Bizar ta fito an riga an fara karatu, na isa a ƙarshen Oktoba.

Maganar masauki tun ranar da gurbi ya fito ya kamata a fara ta. Ɗakunan hukumar jin daɗin ɗalibai, Studierendenwerk, su ne mafi sauƙin kuɗi, amma layinsu dogo ne. Ina cikin nema wani ya turo mini hotunan ɗaki mai kyau da araha, ya ce yana ƙasar waje, in tura kuɗin ajiya zai aiko da makulli. Da na nuna wa 'yar'uwar nan sai ta ce, "Kada ka tura ko sisi, damfara ce, kowace shekara haka suke yi wa sababbin zuwa." A ƙarshe na samu ɗaki a gidan da ɗalibai ke haya tare. Doka ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ajiya har na hayar wata 3, don haka a sa wannan a lissafi. Tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce ko za a iya yin rajistar adireshi da ɗakin. Dokar ƙasar ta ce cikin mako 2 da tarewa ka je ofishin gari ka yi rajista, abin da kowa ke kira Anmeldung, kuma ba za a yi maka ba sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai kana zaune a gidansa. Rajistar kyauta ce, cikin 'yan mintuna aka gama. An tambaye ni addinina, na ɗan yi mamaki, ashe saboda harajin coci ne da ake cire wa mabiya wasu majami'u, Musulmi ba ya biya. A ranar na manna sunana a akwatin wasiƙun gidan, domin da suna ake raba wasiƙa a can, in babu sunanka sai ta koma inda ta fito. Ta wannan akwatin lambar harajina ta zo, da katin banki, da katin inshora, da wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, wanda muke rabawa tsakaninmu.

Kuɗin rufaffen asusu ba ya fara fita sai ka buɗe asusun yau da kullum a can ka haɗa su, shi kuma bankin da na je sai da ya ga shaidar rajistar adireshi. Ma'ana makonnin farko da guzurin da ka zo da shi za ka rayu, alhali a lokacin ne kashe kuɗi ya fi yawa: haya, kuɗin ajiya, rigar sanyi, da kuɗin zango. Wannan kuɗin zangon kowa na biya ko da karatu kyauta ne. Nawa ya ɗan haura Yuro 300, kuma a ciki akwai tikitin da ke ba ni damar hawa bas da jiragen ƙasa na kusa a duk faɗin ƙasar. Da na biya aka ba ni shaidar zama ɗalibi, da ita kuma na nemi ganawa da ofishin kula da baƙi, domin bizar ta 'yan watanni ce, sai an mayar da ita izinin zama. Na tura buƙatar da wuri na ajiye shaidar turawa, don idan ka nema kafin bizar ta ƙare zamanka halal ne har a yanke hukunci, kuma akwai takardar wucin gadi da suke bayarwa. A ranar ganawa na kai fasfo, hoto, shaidar ɗalibta, ta adireshi, ta inshora da ta kuɗi, na biya Yuro 100. Katin ya zo bayan wasu makonni, tare da bayanin cewa zan iya aiki cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwana 280 a shekara.

Duk wannan ana yi ne karatu yana tafiya, kuma karatun ya bambanta da wanda na saba. Digirin maki 120 ne a zango 4. Lakca kaɗan ce, yawanci zaman tattaunawa ne na mutum ashirin ko ƙasa da haka. Malama za ta ba da maƙaloli biyu ko uku a karanta kafin a zo, ɗalibi ɗaya ya gabatar, sauran su yi ta tambaya. A zaman farko da na yi magana, na kawo ra'ayina kan dalilin da ya sa juyin mulki ke dawowa a wasu ƙasashe, na yi bayani mai tsawo. Farfesar ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, da wane ma'auni za ka gwada wannan, kuma wane sakamako ne zai nuna maka ba haka ba ne?" A nan na fahimci dalilin da ya sa suka nace kan makin dabarun bincike tun a wajen neman gurbi. Kimiyyar siyasa a wurinsu ita ce ka yi tambaya ƙarama, ka nemo hujjar da za a iya dubawa, ka yarda hujjar tana iya ƙaryata ka. Na ga hikimar hakan, ko da yake har yanzu ina ganin akwai abubuwan da wanda ya rayu a cikin al'umma ya sani waɗanda alƙaluma ba sa kamawa, kuma na sha faɗin haka a aji, an kuma saurare ni. Darasin ƙididdiga da manhajar R shi ya fi ba ni wuya. Na riƙa zuwa zaman ƙarin bayani da manyan ɗalibai ke yi, na kuma fara gwaji da bayanan Afrobarometer, masu tambayar jama'ar ƙasashen Afirka ra'ayinsu kan mulki, da na V-Dem, cibiyar auna dimokuraɗiyya da ke jami'ar Gothenburg a Suwidin. Da na ga lambobin suna magana kan wuraren da na sani, sai karatun ya fara shiga.

Na kuma yi sa'ar lokacin zuwa. Ban daɗe da isa ba gwamnatin haɗaka ta jam'iyyu uku ta rushe, a ranar 6 ga Nuwamba 2024, lokacin da shugaban gwamnati Olaf Scholz ya sallami ministan kuɗi Christian Lindner. Majalisar dokokin tarayya, wato Bundestag, ba ta da ikon rusa kanta, don haka a aji muka buɗe sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1949 muka bi matakan da idonmu: Scholz ya nemi ƙuri'ar amincewa a ranar 16 ga Disamba ya faɗi, shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier ya rusa majalisa, aka yi zaɓe a ranar 23 ga Fabrairu 2025. Kowane mai zaɓe ƙuri'a biyu yake jefawa, ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ga jam'iyya, kuma ta biyun ce ke raba kujeru 630. Jam'iyyun FDP da BSW sun kasa kai kashi 5 cikin 100 da ake buƙata, suka rasa wakilci, BSW ma da ɗan ƙiris ta faɗi. A kan wannan shingen na rubuta takardata ta ƙarshen zango. Irin wannan takarda, mai shafi 15 zuwa 20, ita ce jarrabawa a yawancin darussa, ana rubuta ta a lokacin da ba a lakca, kuma sai ka sa hannu cewa aikinka ne. Satar rubutu tana iya jawo kora. Wani abin da ke kama sababbi shi ne halartar darasi daban, rajistar jarrabawarsa daban. Akwai 'yan makonnin da ake buɗe shafin rajistar, wanda ya bari aka rufe sai wani zangon. Haka nan kowane zango sai ka sake biyan kuɗin zango a kan lokaci, in ba haka ba a cire sunanka.

Da wani zai tambaye ni yaushe zai fara, zan ce shekara guda da rabi kafin Oktobar da yake son tafiya. Wanda har yanzu yake digiri na farko ya ɗauki duk wani kwas na ƙididdiga da dabarun bincike da sashensu ke bayarwa, ko da na zaɓi ne, ya kuma karɓi bayanin kwasa-kwasan tun malaman da suka koyar da shi suna nan. A tabbatar sunan da ke fasfo shi ne a kowace takarda harafi da harafi, a ajiye kwafin komai a waya da kuma a fayil. A koyi Jamusanci ko da kwas ɗin da Turanci ne, don wasiƙun ofisoshi da shi suke zuwa, muhawarar majalisa da shi ake yi, kuma horon aiki a ma'aikatu da ofisoshin 'yan majalisa yana wuya ga wanda ba ya jin sa. Sannan kada lissafin kuɗi ya tsaya a shekarar farko. Lokacin sabunta izinin zama za a sake neman shaidar abin da za ka ci, a kuma duba ko karatun yana tafiya. Mafi ƙarancin albashi Yuro 12.82 ne a awa a 2025, kuma aikin mataimakin bincike a jami'a ba ya shiga cikin kwanaki 140 ɗin nan, shi ya sa na fara nemansa tun zango na biyu ta wajen malaman da suka ga rubutuna. Wanda ya kammala yana iya neman izinin zama na wata 18 don neman aiki, shi ma da shaidar inshora da ta kuɗi ake ba da shi.